Tsohuwar kat-kat: leƙa ƙarƙashinta kafin ka ƙirga kuɗi



Ranar Lahadin da ta wuce, bayan sallar la'asar, wani aminina ya iske ni gida. Ma'aikacin gomnati ne, shekara biyu suka rage mashi ya aje aiki. Ko ruwan da aka kawo mashi bai sha ba ya zaro salula ya miƙo mani. Hoton wata farar kat-kat ne, tana ta sheƙi, tayoyinta baƙi wuluk kamar yau aka fiddo ta daga kamfani. Dillalin da ya aiko da hoton ya ce shekararta 22, agogon kilomita yana nuna 140.000, wai wani tsohon Bature ne ya riƙe ta, ba ya fita da ita sai ran Lahadi. Aminin nawa ya riga ya saida filin da ya daɗe yana ajiya, ya haɗa da kuɗin adashe, abin da ya rage kawai shi ne ya tura kafin alƙalami. Ya dube ni ya ce: "Malam, kai da kake yawon ƙasa, don Allah gaya mani gaskiya. An ce irin waɗannan motoci ba su mutuwa. Haka ne?"

Amsar da na ba shi ta kai mu har kiran magariba. Na ga ya dace in kawo ta nan, domin tambayar ba tashi ba ce shi kaɗai. Ɗan kasuwan da ke bin kasuwannin ƙauye tsakanin Maraɗi da Dakoro yana yin ta, haka ma ma'aikacin da aka tura Gure ko Cintabaradan. Kuma kuɗin da ake zubawa cikin wannan ciniki sau da yawa gumin shekara ashirin ne.

Inda sunan ya samo asali

Magana ta gaskiya, ba a banza waɗannan motoci suka yi suna ba. Cikin 1951 kamfanin Toyota na ƙasar Japan ya fara ƙera motar da aka raɗa ma suna Land Cruiser cikin 1954. Dattawanmu sun san samfurin 40, wanda aka ƙera daga 1960 zuwa 1984. Bayansa aka fiddo samfurin 60 cikin 1980, da samfurin 70 cikin 1984, wanda har yanzu ba a daina ƙera shi ba, sannan samfurin 80 cikin 1990. Cikin 2019 kamfanin ya ba da sanarwar cewa Land Cruiser da ya saida a duniya sun kai miliyan 10. Ita ma Nissan Patrol tun 1951 take, Mitsubishi Pajero kuwa ta shigo kasuwa cikin 1982.

Mu mutanen Sahel ba labari aka ba mu ba. Cikin 1987 sojojin Cadi, bisa akori-kurar Toyota, suka ƙwace Fada cikin watan Janairu da Wadi Dum cikin watan Maris daga hannun sojojin Libiya masu tankokin yaƙi, har duniya ta riƙa kiran wannan faɗa Yaƙin Toyota. Waɗanda suka girma a Agadas kuma suna tune da shekarun da tseren Paris-Dakar ke ratsa Tenere, tseren da Pajero ta cinye har sau 12 tsakanin 1985 da 2007. Ga kuma abin da kowa ke gani yau da gobe: motar asibiti da ke ɗauko mai naƙuda daga ƙauye, motar ma'aikatan rigakafi, motar ƴan proje, kusan duka irin nan ne.

Sai dai kafin 1994 mafi yawan masu kat-kat a ƙasar nan hukuma ce da ƙungiyoyin agaji da ƴan tsirarun alhazai. Da aka karya darajar kuɗin Sefa cikin Janairun wannan shekara, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga Sefa 50 zuwa 100, sabuwar mota ta fi ƙarfin kusan kowa, sai kasuwar okaziyon ta buɗe baki. Ta tashar jiragen ruwan Kwatano motocin suka riƙa shigowa, su biyo Malanbil su ƙetaro gadar Gaya, har zuwa 2023 da aka rufe wannan iyaka, hanyar Lome ta ƙara muhimmanci. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fiddo cikin 2020 ya nuna cewa daga 2015 zuwa 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi girma. Rahoton ya ƙara da cewa da yawansu ba su cika ƙa'idar lafiyar hawa hanya ba. Cikin wannan tari ne aminina yake son ya tsamo tashi, daga hoto.

Abin da ya sa wasu ke daɗewa

Sirrin ba wani abin mamaki ba ne. A ɗauki injin da ake kira 1HZ, wanda Toyota ya fara sakawa cikin Land Cruiser a 1990, aka kuma yi sama da shekara talatin ana ƙera shi. Injin gazuwal ne mai silinda 6, girmansa lita 4,2, amma ƙarfinsa bai wuce na doki 130 ba. Injin zamani mai lita 2,8 na kamfanin guda yana ba da ƙarfin doki sama da 200. Ma'ana, tsohon injin babba ne da ba a tsananta mashi aiki, kamar raƙumin da aka aza ma kayan jaki. Ba shi da turbo, gangar jikinsa da murfinsa na baƙin ƙarfe ne, famfon da ke tura mashi gazuwal kuma ba ya jiran umurnin kwamfuta. Haka TD42 na Nissan Patrol samfurin Y60, wanda ya fito cikin 1987, shi ma lita 4,2 ne mai silinda 6.

Na biyu shi ne ginin jiki. Land Cruiser da Patrol da Prado da 4Runner suna zaune bisa shasi, wato dogayen ƙarafa biyu masu kauri da aka haɗe kamar tsani. Shi ke shan dukan hanya mai gargada, gangar motar tana bisa. Ƙafafun gaba na samfurin 70 da 80 da Patrol kuma suna haɗe da gatari guda mai ƙarfi, wanda ba ya da gaɓoɓi masu yawa da za su saki.

Na uku, wanda masu saye suka fi mantawa da shi, yana wajen motar. Waɗannan injuna sun daɗe cikin ƙasarmu, saboda haka makanikan Tawa da Damagaram da Ƙonni sun san cikinsu kamar yunwar cikinsu, kayan gyaransu kuma ana samu a Yamai da Maraɗi, in an rasa a aika Kano. Motar da yaron garaji zai iya tada ta gindin bishiya da ƴan makullai ta fi wadda sai an jira na'ura daga babban birni, ko da ta biyun ta fi ta daɗin zama.

Suna ɗaya, hali daban

A nan ne ake cutar mutane. Ba duk doguwar mota ba ce kat-kat ɗin daji. RAV4 da ta fito cikin 1994, da CR-V ta Honda, da Highlander wadda aka gina bisa tsarin Camry, ba su da shasi irin wanda na ambata. Ƙananan motocin gari ne da aka ɗaga sama. Da yawa cikin waɗanda ake kawo mana ma ƙafafun gaba kaɗai ke ja. Motoci ne masu kirki bisa gudron, ba su da shan mai sosai, kuma suna daɗewa in an kula da su. Amma wanda ya riƙa kai su rairayin arewacin Tanut kowane mako, ya shirya ma sayen ƙafafu.

Ko cikin manyan ma akwai bambanci. Injin 1KZ-TE mai lita 3 na tsohuwar Prado, da 4D56 mai lita 2,5 na Pajero, murfinsu na sama, wanda ƴan garaji ke kira kilas, na alminiyom ne. Injuna ne masu aiki, sai dai ba su yafe zafi: in allurar zafi ta hau ja aka ci gaba da tafiya, kilas na iya tsagewa. Injin ZD30 mai lita 3 da aka saka ma Patrol samfurin Y61 wajen shekara ta 2000, na farkonsa sun bar mummunan tarihi wajen ƙonewar fistan, alhali ƴar uwarta mai TD42 ba a jin kukanta. Ga shi duka Patrol aka rubuta a bayansu. Saboda haka mai saye ya tambayi sunan inji da shekarar ƙira, kada ya tsaya ga rubutun da ke bayan mota.

Sababbin injunan gazuwal na Turai kuma, tun daga farkon shekarun 2000, suna fesa mai da matsi mai tsananin ƙarfi ta ƴan ƙananan ramuka sirara. Ɗigon ruwa ko ƙwayar ƙura cikin gazuwal na iya lalata bakunan fesawar, kuma guda ɗaya kuɗi ne mai yawa. Daga wajen 2010 an ƙara masu matatar hayaƙi cikin bututun shaye-shaye, wadda ke toshewa in gazuwal ba mai tsabta ba ne. An ƙera su ne don man Turai da sanyin Turai.

Daga ina ta fito?

Tsohuwar mota kamar doki take, halinta yana bin hannun da ya riƙe ta. Motoci biyu da suka fito kamfani rana ɗaya, bayan shekara ashirin ɗaya tana iya kai ka Bilma, ɗayar kuwa ko Doso ba ta kai ka ba. Kowace hanya da motocin ke biyowa tana da irin cutar da take kawowa.

Ta Turai da arewacin Amurka, babbar cutarta tsatsa. Can lokacin sanyi ana watsa gishiri bisa hanyoyi don ƙanƙara ta narke, gishirin kuwa yana cin shasi daga ciki. Ko kamfanin da ya fi kowa suna bai tsira ba: cikin 2016 Toyota ya amince da sasantawar da aka ƙiyasta a dalar Amurka biliyan 3,4 da masu motoci a Amurka, saboda tsatsar shasin Tacoma da Tundra da Sequoia na wasu shekaru. Inji in ya mutu ana sake shi, amma shasin da ya ruɓe, motar ce ta ƙare. Masu wayo suna shafa ma ƙarƙashin baƙin fenti mai kauri kafin su ɗauki hoto.

Ta Amurka tana da wata cuta kuma. Da yawa daga cikin masu araha an sayo su ne wajen gwanjon kamfanonin inshora, bayan haɗari ko ambaliya. Guguwar Harvey ta 2017 kaɗai ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a jihar Texas. Motar da ta kwana cikin ruwa ana wanke ta ta yi kyau, wata shida ko shekara ta fara ciwon wayoyin wuta wanda ba ya jin magani.

Wadda ta fito ƙasashen Larabawa ko ta biyo ta Libiya ba ta da tsatsa, sai dai ta sha zafi da gudu cikin hamada, kuma ita ce aka fi buƙatar a tantance takardunta. Wadda aka yi gwanjonta daga ofishin wani proje nan gida, wataƙila an riƙa juye mata mai bisa ƙa'ida, wataƙila kuma direbobi goma suka yi ta jifa da ita cikin ramu. Littafin gyaranta ne zai raba gardama, in akwai shi.

Sai batun agogon kilomita. Na ce ma aminina ya ɗauki alƙalami. Kilomita 140.000 cikin shekara 22, bai kai 6.400 a shekara ba, wato bai kai zuwa Damagaram daga Yamai da komowa sau huɗu ba. Wa zai sayi babbar motar gazuwal don wannan ƴar tafiya? Mai da agogo baya aikin ƴan mintoci ne, na allura ko na lantarki. Kuma abin da mutane ba su gane ba, kilomita 350.000 na gaskiya bisa injin da aka kula da shi sun fi 140.000 na ƙarya, domin mai na gaskiyar ya san abin da ya kamata ya canza da lokacin da zai canza shi.

Abin da ke kashe mota a ƙasarmu

Bari in ba ku abin da ya faru da ni. Wata bazara muka tashi ta'aziyya wani ƙauye arewa da Dakoro cikin kat-kat ɗin wani ɗan uwa, irin waɗanda ake rantsuwa da su. Mu bakwai ne, har da gwaggona mai ciwon hawan jini. Allurar zafi ta motar ta daɗe da mutuwa, mai ita ya ce ba kome, motar ba ta taɓa ba shi kunya ba. Wajen ƙarfe ɗaya na rana, cikin rairayi, wani tiyo na roba da ke kai ruwa radiyata ya fashe. Ba wanda ya sani, sai da inji ya fara ƙara, wari ya cika mota, ta tsaya cik. Babu rezo, babu inuwa sai ta wata ƴar aduwa, ruwan shanmu kuwa rabinsa mun zuba ma injin da ya riga ya ƙone. Sai bayan la'asar Allah ya kawo wani mai amalanke da ya kai gwaggo rugar da ke kusa. Tiyon da ya jawo wannan duka bai kai kuɗin buhun gero ba, gyaran injin kuwa ya ci kuɗin shanu biyu.

Tun ranar na gane cewa ƙarfe yana daɗewa, roba ba ta daɗewa. Motar shekara ashirin, duk abin da ke jikinta na roba ya tsufa ko da ba ta yi tafiya ba: tiyon ruwa, tiyon birki, robobin ƙafafu, da ɗamarar nan mai haƙora ta cikin inji wadda ƴan garaji ke kira kuruwa. Ta 1HZ, ƙa'idar da aka saba ita ce a canza ta bayan kilomita 100.000, in ta tsinke ana cikin tafiya, fistan da bawul su yi karo. Wanda ya sayi tsohuwar mota bai san ranar da aka canza ta ba, ya ɗauka ba a taɓa canzawa ba.

Zafi shi ne maƙiyi na farko. Cikin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke kai 45 cikin inuwa, radiyatar da ta yi shekaru tana shan ruwan rijiya ta riga ta toshe da gishirin ƙasa. Ƙura ita ce ta biyu: matatar iska da ta yage tana barin hazon hunturu ya shiga silinda ya riƙa goge ta kamar ana wankin tukunya da yashi. Na uku man ƴan ruwa-ruwa, wanda ba ka san jarkar da ya kwana ciki ba, tare da man inji na jabu da kayan gyara na jabu masu kwali irin na asali. Na huɗu lodi. A aza buhun wake goma bisa rufi, a cika ciki da mutane, a taka gudu bisa hanyar Ƙonni zuwa Madawa, sannan a ce mota ce ba ta da kirki.

A nan akwai abin da ya fi kuɗi. Kat-kat doguwa ce, nauyinta yana sama, kaya bisa rufi kuma yana ƙara mata saurin kifewa in taya ta fashe ko an kauce ma jaki. Da yawa cikin na shekarun 1980 da farkon 1990 ba su da jakar iska, ba su da birkin ABS. Ƙarfin jikin mota ba ya hana na cikinta rauni. A ɗaura bel, a rage gudu.

Kuɗin riƙo

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubda ruwa. Babbar kat-kat mai lita 4,2 tana shan wajen lita 13 na gazuwal cikin kilomita 100, in ba ta da lodi. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne, wato wajen lita 120. Bisa farashin da gomnati ta tsaida cikin Yulin 2024, Sefa 618 kowace lita, zuwa kaɗai ya haura jikka 70, zuwa da komowa ya kusa jikka 150. Ƙaramar mota tana yin wannan tafiya da ɗan abin da ya ɗara rabin wannan mai. In an zo bidanj, babban injin yana cin kusan lita 10 na man inji, ƙaramar mota lita 4, kuma cikin ƙurarmu bai kamata tsohon injin gazuwal ya wuce kilomita 5.000 ba a juye mashi ba. A ƙara da manyan tayoyi huɗu da na ajiya, da batir, da asirans, da binyat.

Ga ɗan kasuwan da motar ke kai shi kasuwar da babbar mota ba ta shiga da damina, wannan kuɗi jari ne, yana komowa. Ga ma'aikacin da tafiyarsa daga gida zuwa ofis ce bisa gudron, sai ƙauye sau biyu a shekara lokacin salla, albashi ne ke tafiya cikin tanki. Ku zagaya unguwannin Yamai da Maraɗi ku ƙirga kat-kat nawa ke tsaye ƙofar gida bisa duwatsu, awaki na kwana ƙarƙashinsu. Mafi yawansu ba mutuwa suka yi ba, riƙonsu ne ya gagara. Kuma masu bin wasu hanyoyin daji su tuna cewa irin motar da suke so ita ce ɓarayin hanya ke so.

Ranar ciniki

Ba a cinikin biri a sama. Kada a tura ko dala bisa hoto. In motar ta iso, ka je da makanikinka, wanda kai ka biya shi, ba wanda dillali ya kawo ba. Ka je da sassafe, ka aza hannu bisa inji ka tabbata ya kwana bai tashi ba, domin inji mai ciwo da sanyin safiya yake tona kansa. A tada shi kana tsaye bayan mota. Ɗan baƙin hayaƙi da ya wuce nan da nan ba kome ba ne. Shuɗin hayaƙi yana nufin yana ƙona man inji. Farin da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi yana iya nufin ruwa na shiga inda bai kamata ba.

Tun inji na sanyi a buɗe radiyata a duba: in ruwan yana kumfa, ko akwai maiƙo bisansa, ko ƙarƙashin murfin man inji akwai abu fari kamar kindirmo, ka yi sallama ka tafi. In an buɗe murfin man inji yana aiki, hayaƙi na bugowa da ƙarfi, silinda sun gaji. Da aka murɗa makulli, dukan fitilun allon gaba su kama sannan su mutu. Wadda ba ta kama ba sam, wataƙila cire ƙwanta aka yi don ta yi shiru.

Daga nan ka cire babbar riga ka shiga ƙarƙashi da tocila da ɗan guduma. Ka ƙwanƙwasa shasi, musamman wajen ƙafafun baya. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe yana zubo da gari. Ka nemi alamar walda ko lanƙwasa. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ka shaƙa, ka duba ƙarƙashin kujeru ko akwai busasshen laka da tsatsa. Ka gwada abin da agogo ya faɗa da abin da sitiyari da robar feda da kujerar direba suka faɗa, su ba su iya ƙarya. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu: 2318 yana nufin mako na 23 na shekara ta 2018, kuma tayar da ta tsufa haɗari ce ko da zanenta bai goge ba.

Sannan a fita da ita, rabin awa aƙalla, bisa gudron da cikin rairayi, a saka ƙaramar giya a ga ko ƙafafun huɗu na ja da gaske, ido na bisa allurar zafi. A ƙarshe a gwada lambar shasi, mai harufa da lambobi 17 ga motocin Turai da Amurka, da wadda ke cikin kartagiris da takardar duwan. Harafi ɗaya in ya saɓa, a fasa. Dillalin da ya ce maka wani alhaji na nan tafe da kuɗi yanzu-yanzu, ka ce mashi Allah ya ba alhaji sa'a.

In an daidaita, kada a kashe kuɗin duka wajen saye. A ware wani kaso mai kauri don mako na farko: kuruwa, tiyon ruwa, wankin radiyata, dukan matatu, man inji da na giya da na birki. Wanda ba ya da wannan kaso bai kai ga sayen motar ba tukuna.

Aminina ya yi shiru, ya sha ruwan da ya daɗe da hucewa, ya ce to ni me na gani. Na ce mashi in ƙauyensu da gonar da yake son komawa suna bayan rairayi, ya nemi mai sauƙin inji, wadda makanikin garinsu ya sani, ko da fentinta ya koɗe, ko da agogonta ya nuna 300.000, muddin shasinta lafiya kuma an san hannun da ta fito. In kuwa zamansa cikin gari ne, ya sayi ƙarama, ya mai da sauran kuɗin fili. Bai tura kafin alƙalamin ba. Jiya ya kira ni ya ce ran Asabar za su je kallon wata, shi da makanikinsa, kuma ya riga ya sayi tocila.

Sayen nagari, mai da kuɗi gida. Allah ya tsare mu bisa hanyoyinmu, ya sa mu sauka lafiya.